Wayar Ma'aikacin Lafiya a Legas: Tambayoyi da Amsoshi kan Neman Bayani a Intanet

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin 'yan'uwanmu masu aikin lafiyar al'umma a unguwannin da Hausawa suka yi yawa a Legas, irin su Agege, Idi-Araba, Mile 12, Obalende da Alaba Rago. Wasu masu allurar riga-kafi ne suka yi su, wasu ungozoma, wasu duba-gari, wasu kuma masu bi gida-gida suna wayar da kai. Na amsa gwargwadon abin da aiki ya nuna mini, kuma inda nake da ra'ayi ban ɓoye shi ba.

Wanda ya yi karatu ya samu shaidar aiki, me kuma zai nema a intanet?

Shaidar karatu tana nuna abin da aka koya maka a shekarar da ka gama, ba abin da ake yi bana ba. Wanda ya fito makarantar koyon aikin lafiya kafin 2005, an koya masa cewa kulorokwin ne maganin farko na zazzaɓin cizon sauro. A shekarar ne Najeriya ta koma kan magungunan ACT, wato haɗin magunguna masu ɗauke da sinadarin atemisinin, saboda ƙwayar cutar ta daina jin kulorokwin. Daga baya kuma aka ce kada a ba da maganin sai an yi gwaji an tabbatar. Jadawalin riga-kafin yara shi ma bai tsaya wuri ɗaya ba: an shigar da riga-kafin rota mai kare jarirai daga gudawa a 2022, sannan a watan Oktoban 2023 aka fara na HPV mai kare mata daga sankarar bakin mahaifa, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, kuma Legas tana cikin jihohin da aka fara da su.

Ba kowane canji ake kiran bita a kansa ba. Ko an kira ma, mutum ɗaya ne zai tafi daga asibiti, sauran su ji a bakinsa, rabin maganar ta zube a hanya. Ainihin takardar kuwa tana nan a intanet, ba a biyan ko kwabo kafin a karanta.

Idan tambaya ta taso mini a bakin aiki, ina zan fara dubawa?

Ka fara da gida. Wannan ita ce shawarar da na fi nanatawa, kuma ita aka fi saɓawa.

Idan kai jami'in lafiyar al'umma ne, littafin Standing Orders, wato kundin ƙa'idojin aikin jami'an lafiyar al'umma, shi ne iyakar abin da aka yarje maka ka yi, kuma babu shafin intanet da ya fi shi ƙarfi a kanka. Bayan shi sai shafukan hukumominmu. Maganar annoba, da yadda ake gane ta, da yadda ake kai rahoto, ta Hukumar Daƙile Yaɗuwar Cututtuka ce, wato NCDC. Maganar riga-kafi ta Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ce, NPHCDA. Maganar ingancin magani da abinci ta NAFDAC ce. Abin da ya shafi jiha kuwa, kamar sanarwar ɓarkewar cuta a wata ƙaramar hukuma ko ranakun riga-kafi na musamman, daga Ma'aikatar Lafiya ta Legas da ke Alausa yake fitowa, sau da yawa ma a shafukanta na sada zumunta yake fara bayyana. Sai ka rasa a nan, ko kana son ƙarin bayani, sannan ka wuce shafin Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO.

Dalilin wannan jeri mai sauƙi ne. Manyan shafukan Amurka da Ingila suna da inganci, amma don mutanensu aka rubuta su. A Amurka ba a yi wa kowane jariri allurar BCG ta tarin fuka, mu kuwa ranar haihuwa ake yin ta. Bayaninsu kan zazzaɓin cizon sauro yawanci don matafiyi ne mai zuwa Afirka ya koma, ba don yaron da aka haifa a bakin kwatar Idi-Araba ba. Sunayen magungunansu da ƙarfinsu ma ba lallai su zo daidai da abin da ke sito ɗinmu ba. Wanda ya fara daga can yakan dawo da amsa mai kyau wadda ba ta mu ba ce.

Ina aiki a Legas. Me ya haɗa ni da rahoton Kano ko Bauchi?

Komai ya haɗa ka, matuƙar Hausawa kake dubawa. Ka je Mile 12 da asuba ka ga motocin tumatir da albasa da tattasai suna sauke kaya, ko ka leƙa mayankar Oko-Oba ka ga tirelolin shanu. Kowace mota da direbanta da yaran mota, da wasu 'yan cirani a saman kaya. Kwana 2 ko 3 da suka wuce suna Arewa. Bayan su ga matan da suka je gida biki ko wankan jego suka dawo da yara, ga waɗanda suka je Sallah. Cuta ba ta tsayawa a shingen bincike.

Mashaƙo ya isa misali. A watan Disamban 2022 aka sanar da NCDC ɓullarsa a Kano da Legas a lokaci guda, kuma daga baya Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu. Ma'aikaciyar da ke Agege wadda ta san abin da ke faruwa a Kano, idan aka kawo mata yaro mai zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da kumburin wuya, za ta ɗauki tocila ta leƙa bakinsa, ta nemi katin riga-kafinsa. Wadda ba ta sani ba, sai ta ce mura ce ta sallame shi.

Haka zazzaɓin Lassa. Yana tsananta da rani, kuma jihohin Ondo da Edo da Bauchi da Taraba ne suka fi yawan fitowa a rahotanni. Yana iya kwanciya a jiki har kwana 21 kafin ya nuna kansa, wato mutum zai iya baro gida garau, ya yi mako 2 yana sana'arsa a Obalende, sannan ya faɗi. Sanƙarau kuma lokacin zafi da ƙura yake yi wa Arewa dirar mikiya.

NCDC tana fitar da rahotannin halin da ake ciki kan waɗannan cututtuka a shafinta, da taswira da sunayen jihohi, wani lokaci har ƙananan hukumomi. Ka ware rana ɗaya a mako ka duba. Ba sai ka karanta duka ba, shafin farko ya wadatar. Sannan ka mayar da tambayar nan ta zama al'ada ga duk mai zazzaɓin da ya ƙi jin magani: "Malam, yaushe rabonka da gida? Wane gari ka baro?" Abokan aikinmu da ba su san zirga-zirgar mutanenmu ba ba lallai su yi tunanin yin ta ba. Mu ne ya kamata mu yi.

Google kawai bai isa ba?

Google hanya ce, ba shi ne mai bayanin ba. Abin da ya hau sama a jeri ba shi ne mafi inganci ba, wani lokaci ma talla ce aka biya. Kafin ka yarda da shafi, ka nemi amsar abu uku: wa ya rubuta, yaushe aka rubuta, kuma me yake so ya sayar maka. Shafin da ya yi dogon bayani kan hawan jini ko ciwon suga, ya ƙare da lambar wayar da za a kira a sayi garin magani, ɗan kasuwa ne ya rubuta shi. Shafin da babu kwanan wata a jikinsa, ka ɗauka tsoho ne har sai ka ga akasin haka.

A wajen nema, ka rubuta sunan cutar da Turanci, ka ƙara sunan Najeriya da shekarar da ake ciki. Akwai kuma dabarar da ke rage wahala ƙwarai: idan ka rubuta site:ncdc.gov.ng kafin sunan cutar, Google zai kawo maka abin da ke shafin NCDC kaɗai. Haka za ka yi da site:who.int. Adireshin hukumomin gwamnatin Najeriya yana ƙarewa da gov.ng, ka riƙa kallon wannan da kyau, domin ana ƙirƙirar shafuka masu kama da nasu.

Idan ka sami takardar ƙa'idojin magani, ka duba bugu na nawa ne. Tsohon bugu ba ya ɓacewa daga intanet don an yi sabo.

An turo saƙo a zauren WhatsApp, an ce daga ma'aikatar lafiya ne. In tura wa wasu?

Kada ka tura sai ka gan shi da idonka a shafin wanda aka ce ya fitar. Tambarin hukuma da sa hannu a jikin hoto ba hujja ba ne, yaro ma zai iya haɗa su a waya. Idan sanarwa gaskiya ce, za ka same ta a shafin hukumar ko a manyan kafofin labarai cikin ɗan lokaci. Akwai kuma masu aikin tantance labari irin su Dubawa da Africa Check, sau da yawa za ka tarar sun riga sun bi diddigin saƙon.

Mazauna Ikko ba za su manta da daren ruwan gishiri ba. A farkon watan Agustan 2014, ana cikin fargabar Ebola, saƙo ya bi wayoyi cewa kowa ya yi wanka da ruwan zafi da gishiri, ya kuma sha, kafin gari ya waye. Dangi suka riƙa tashin juna daga barci daga Legas har Arewa. An ruwaito mutuwar aƙalla mutum 2, wasu da dama aka kwantar a asibiti, musamman masu hawan jini. Duk wanda ya tura saƙon nan, ƙauna ce ta sa shi. Abin da nake so abokan aiki su riƙe shi ne, turawarmu ba irin ta kowa ba ce. Idan mai shago ya tura, za a ce an turo. Idan ke kika tura, za a ce malamar asibiti ce ta faɗa, kuma daga nan babu mai sake tambaya.

Saƙon murya ya fi na rubutu wuyar sha'ani, kuma shi ya fi yawo a cikin mutanenmu. Wata ranar riga-kafi, layi ya cika benci, wata mata da goyo ta miƙo mini waya mai tsagaggen gilashi. Ta ce, "Malama, don girman Allah ki saurari wannan. An ce za a yi wa yayar wannan da nake goye da ita allura a makaranta, babanta ya ce sam." Muryar namiji ce, cikin natsuwa da Hausa mai daɗi, yana cewa allurar HPV ta hana haihuwa ce. Bai faɗi sunansa ba, bai faɗi asibitin da yake aiki ba. Na saurara har ƙarshe, domin idan na katse ta ba za ta ji tawa ba. Na ce, "Maman Yarinya, wa ya yi maganar nan?" Ta ce ba ta sani ba, ƙanwar mijinta ce ta turo. Na buɗe shafin WHO na nuna mata, na bayyana mata cewa allurar tana kare mace daga sankarar bakin mahaifa, kuma an daɗe ana yin ta a ƙasashe da yawa kafin ta iso gare mu. Na ce ta gaya wa maigidan ya zo da kansa ya yi duk tambayar da yake so.

Kada mu raina masu irin wannan tsoro. Mutanenmu suna tuna gwajin maganin Trovan da aka yi a Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau, wanda ya kai ga shari'a. Wannan tabo yana cikin abin da ya ƙarfafa ƙauracewa riga-kafin shan inna a 2003. Amma kuma mu tuna musu abin da ya biyo baya: cutar ta sake bazuwa, yara suka shanye, sai da aka sha fama kafin a ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a watan Agustan 2020. Duka biyun gaskiya ne, kuma wanda ya faɗi ɗaya ya ɓoye ɗaya ba za a yarda da shi ba.

Ta yaya intanet zai taimaka mini in gane maganin jabu?

NAFDAC tana da kundin kayayyakin da ta yi wa rajista a intanet, mai suna Greenbook. Ka shigar da sunan magani ko lambar rajistar da ke jikin kwali, ka ga ko sunan da kamfanin sun dace da abin da ke hannunka. Wasu magunguna, musamman na zazzaɓin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta, suna da wurin kankarewa: ka kankare, ka tura lambar ta saƙon tes, amsa ta dawo. Ka koya wa masu kemis na unguwa da majiyyata wannan, ba ya cin minti biyu.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne sanarwar janye magani. NAFDAC tana wallafa su da lambar rukunin da abin ya shafa, WHO ma haka. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin, wanda aka haɗa a nan Legas, ya yi ajalin yara 84 saboda gubar da ta shiga cikinsa, mai lalata ƙoda. A 2022 irin wannan guba ce aka samu a wasu magungunan tari a Gambiya. Yaron da ya daina fitsari bayan ya sha maganin ruwa, ka karɓi kwalbar ka ajiye, ka tura shi babban asibiti nan take, sannan ka kai rahoto.

Lambar NAFDAC a jikin kwali kaɗai ba ta isa ba, masu jabu suna kwaikwayonta.

Ina jin ana maganar PubMed. Ni ma ina bukatarsa?

A aikin yau da kullum, ba sosai ba. PubMed rumbun binciken likitanci ne na ɗakin karatun likitanci na Amurka, kowa yana iya shiga kyauta, amma sau da yawa taƙaitawa kawai za ka samu, cikakkiyar maƙalar sai an biya. Zai yi maka amfani idan kana ƙarin karatu, ko kana rubuta rahoto, ko kana son sanin dalilin da ya sa aka canja wata ƙa'ida. Don binciken da aka yi a ƙasashenmu, ka duba African Journals Online. Akwai kuma shirin Hinari da WHO ta fara a 2002 don cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su samu mujallu, ta hannun cibiya ake shiga, don haka ma'aikacin ɗakin karatu za ka tambaya. Masu kusa da asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba ko cibiyar binciken likitanci ta NIMR a Yaba sun fi kowa sauƙin samun mai nuna musu hanya.

Gargaɗina ɗaya ne, kuma babba ne: bincike guda ba ya canja yadda kake ba da magani. Ana iya yin sa a kan mutane ƙalilan, ko a kan dabbobi, ko a wallafa shi kafin masana su tace. A watan Maris na 2020, daga jin an ambaci kulorokwin a matsayin maganin korona, mutane suka yi wa kemis tsinke, har hukumomin Legas suka sanar cewa an fara kai waɗanda suka sha fiye da kima asibiti. Manyan gwaje-gwajen da aka yi daga baya ba su nuna yana da amfani ga cutar ba. Aikin auna bincike da bincike na kwamitocin da ke rubuta ƙa'idoji ne. Namu shi ne mu tabbatar ƙa'idar da ke hannunmu ita ce ta yanzu.

To manhajojin ƙirƙirarriyar basira fa, irin ChatGPT da wadda ke cikin WhatsApp?

Suna da amfani wajen sauƙaƙa Turanci mai tsauri, ko tsara abin da za ka faɗa a wajen wayar da kai. Amma suna amsa daidai da kuskure da murya ɗaya, babu alamar shakka. Suna iya ƙirƙiro sunan binciken da ba a taɓa yi ba, suna iya ba ka jadawalin riga-kafin wata ƙasa a matsayin namu. Ni dai ban yarda a ɗauki adadin maganin yaro daga bakinsu ba, ko sau ɗaya. Adadin maganin yaro da nauyinsa ake lissafawa, daga littafin ƙa'ida, kuma idan an yi kuskure ba manhaja za a tuhuma ba. Duk abin da suka faɗa maka, ka ɗauke shi a matsayin maganar da ke jiran tabbaci. Kada kuma ka shigar musu da sunan majiyyaci.

Data tana tsada, wuta ba ta zama. Yaya zan yi?

Ka sauke manyan takardun sau ɗaya a inda ka sami intanet mai ƙarfi, ka tara su wuri guda a waya, ka sa wa kowace suna da shekararta. Shafukan da kake buɗewa kullum, kamar jadawalin riga-kafi da teburin adadin magani, ka buga su a takarda ka manna a bango. Ka kashe saukar bidiyo ta kai-tsaye a WhatsApp, nan ne yawancin data ke tsiyayewa. Abokan aiki kuma suna iya raba nauyi: wannan ya duba NCDC, wancan ya duba NAFDAC, ranar Litinin a gaya wa juna.

Zan iya ɗaukar hoton ciwo in tura zauren abokan aiki don neman shawara?

Neman shawara abu ne mai kyau, amma sirrin majiyyaci amana ce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta ɓoye bayanansa, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ƙara ƙarfafa hakan. Ka nemi izini da harshen da yake ji. Kada fuska ta fito, ko suna, ko lambar kati. Ka tura wa mutum ɗaya da ka san zai iya amsawa, ba zauren da ke da mutum ɗari ba, sannan ka goge.

Unguwanninmu na Legas ƙanana ne, kowa ya san kowa, kuma kowa yana da wanda zai kira a gida. Hoton da ya fita daga wayarka a Agege da safe zai iya isa wajen surukan mai shi a Funtuwa kafin la'asar. Matar da aka yi wa haka ba za ta sake zuwa awo ba, kuma ba ita kaɗai za ta daina ba.

Idan na ga alamar ɓarkewar cuta, in tsaya bincike ko in kai rahoto?

Rahoto tukuna. Ba a bukatar ka tabbatar, zargi ya isa. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka, wanda muke kira DSNO, ya kamata lambarsa ta kasance a wayarka tun kafin ka bukace ta. NCDC tana da layin kyauta, 6232. Lambobin gaggawa na jihar Legas su ne 767 da 112. Shi jami'in zai shigar da rahoton a manhajar SORMAS, wadda aka ƙirƙiro daga darasin Ebola, don jiha da Abuja su gani da wuri. Ita DHIS2 da ake shigar da alƙaluman wata-wata daban take, kada ka jira ƙarshen wata da abin da ya kamata a ji yau.

Binciken da ya kamata ka yi, kafin ranar ake yin sa: ka sauke ma'aunin da NCDC ta gindaya na zargin kowace cuta, ka san su. Yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, rahoto ne. Mutane da yawa daga gida ɗaya ko layi ɗaya suna gudawa kamar ruwa, rahoto ne, kamar yadda aka gani a kwalarar da ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024, a lokacin damina.

Lokacin da Patrick Sawyer, mutumin da ya shigo da Ebola daga Laberiya, ya sauka Legas ranar 20 ga Yulin 2014, ba a taɓa ganin Ebola a Najeriya ba. Dakta Ameyo Stella Adadevoh ta yi zargi, ta hana shi fita daga asibitin da ke Obalende duk da matsin da aka yi mata, aka sanar da hukuma. Ita kanta cutar ta yi ajalinta. Mutum 20 suka kamu a ƙasar, 8 suka rasu, kuma ranar 20 ga Oktoban shekarar WHO ta ayyana Najeriya ta rabu da cutar. A gari mai cunkoson Legas, kowa ya san abin da jinkirin mako ɗaya zai haifar.

Akwai ingantaccen bayanin lafiya da Hausa a intanet?

Akwai, amma bai kai yadda ake bukata ba. Sassan Hausa na BBC da DW da RFI da jaridar Aminiya suna kawo rahotanni da hirarraki da likitoci, kuma suna da kyau a tura wa jama'a. Sai dai labari ne, ba ƙa'idar aiki ba. Takardun hukuma kusan duk da Turanci suke, sanarwar da ke fitowa a Legas ma haka, wani lokaci da Yarbanci. Mai dako a Mile 12 ko matar aure a Alaba Rago ba lallai ta kai gare su ba sai ta bakinmu.

Don haka idan ka tabbatar da bayani, ka mayar da shi saƙon murya gajere. Ka faɗi sunanka da wurin aikinka da ranar da kake magana da hukumar da ta fitar da shi, domin waɗannan su ne abin da saƙon ƙarya ba ya ɗauke da su. Ka kai wa Sarkin Hausawan unguwa, da limamai, da malaman Islamiyya, da shugabannin kasuwa, su ji kafin kowa.

Kuma ka auna maganar da kayan da ke gidan mutane. Idan kana koyar da haɗa ruwan gishiri da sukari inda babu na ƙulli, kada ka tsaya a cewa lita ɗaya. Ka ce leda 2 ta fiya-wata mai 50cl, da ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ka ƙara da cewa a ci gaba da ba da nono, a haɗa da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, kuma idan idon yaro ya faɗa, ko ya kasa sha, ko aka ga jini a bayan gidansa, a kawo shi asibiti ko da tsakar dare ne.